Kafin Ka Jona Katin Sauti Biyu a Kwamfuta Ɗaya, Ka San Wanda Zai Riƙe Agogo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman ɗan fili a jaridarka kan wata tambaya da ba ta ƙarewa a bakin masu ɗaukar kiɗa da waƙa a kwamfuta. Mutum yana da katin sauti, wato na'urar nan da ake jona makirufo da kayan kiɗa a jikinta ta miƙa sautin ga kwamfuta, wadda 'yan situdiyo ke kira saundkad. Nasa ƙofa biyu gare shi. Ran da aiki ya zo mai neman makirufo shida, sai ya aro wani katin mai ƙofa huɗu, ya ce ai biyu da huɗu shida ne. A takarda lissafin daidai yake. A kunne kuwa sai a riƙa jin ƙas-ƙas jefi-jefi cikin waƙar, ko a tarar kiɗan da ya fara tare ya rabu kafin a kai ƙarshe. Daga nan sai a ɗora wa kwamfuta laifi, a sauya waya, a sauya manhaja, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba.

Matsalar agogo ce. Kowane kati yana da ɗan ƙaramin agogo a cikinsa, na ƙanƙarar dutse irin na agogon hannu, shi ke gaya masa lokacin da zai auna sauti. Idan ka saita aikinka a 48,000, ma'anarsa katin zai ɗebi samfurin sautin sau 48,000 a kowane sakan. To amma babu agogo biyu da ke tafiya daidai wa daida, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya, kuma zafin na'ura ma yana ɗan sauya gudunsu. Mu ƙaddara tsakanin katin farko da na biyu akwai bambancin kashi 30 cikin miliyan, wanda ba wani abin mamaki ba ne. A sakan ɗaya ɗayan ya fi ɗayan da samfuri 1.44. A waƙar minti 5 ya ba shi ratar samfuri 432, wato milisakan 9. A awa guda ratar ta kai milisakan 108, wadda ko wanda bai san kiɗa ba zai ji. Manhajar ɗaukar sauti kuwa da agogo ɗaya take aiki. Idan samfuran kati na biyu suka taru suka yi mata yawa sai wasu su zube, idan suka gaza sai a sami gurbi. Duk inda aka zubar ko aka bar gurbi, nan ne kake jin ƙas ɗin nan. Shi ya sa ƙarar takan dawo a kan ƙa'ida, kamar duk bayan 'yan sakanni ko mintuna, ba irin ta kwamfutar da aiki ya yi wa nauyi ba, wadda ke zuwa barkatai.

Hausawa sun ce ba a sarki biyu zamani ɗaya. A wannan aiki dokar ke nan: agogo ɗaya ne zai ja, sauran duk su bi. Kuma kada a rikita wannan agogon da na MIDI ko lambar lokaci da ake daidaita bidiyo da ita. Waɗancan suna faɗin saurin kiɗa ne ko inda aka kai a cikin waƙa. Ba su da ruwa da lokacin ɗibar samfuri, don haka jona su ba ya maganin ƙas-ƙas.

Hanyar da ta fi kowacce lafiya, wadda nake ganin ya kamata a fara dubawa kafin komai, ita ce kada kwamfuta ma ta san akwai kati na biyu. Ka juya bayan katinka. Idan ka ga wata 'yar ƙofa mai kusurwa huɗu da murfin roba, an rubuta ADAT ko Optical a kanta, to Allah ya kashe ya ba ka. Kamfanin Alesis ne ya fito da wannan tsari a farkon shekarun 1990, kuma har yau shi ne ya fi yaɗuwa wajen ƙara ƙofofi. Waya ɗaya siririya ta haske tana ɗaukar layi 8 a 44,100 ko 48,000. Kati na farko shi kaɗai zai shiga kwamfuta ta USB. Na biyu zai tsaya da kansa a matsayin mai karɓar makirufo kawai, ka ɗauko wayar haske daga mafitarsa ka kai mashigar na farko. Akwai na'urorin da don wannan aikin kaɗai aka yi su, irin su Behringer ADA8200 da Focusrite OctoPre da Audient ASP800, kowanne ƙofa 8. Cikakken kati ma yana iya wannan aikin, da sharaɗin yana da mafitar ADAT kuma yana iya aiki ba tare da kwamfuta ba. Galibi sai ka fara jona shi a kwamfuta sau ɗaya, ka tura ƙofofinsa na makirufo zuwa mafitar ADAT a cikin manhajarsa, ka adana saitin a jikinsa, sannan ka cire USB ɗin ka bar shi da wutarsa.

Saitin agogo a nan iri biyu ne. Idan waya ɗaya ce kawai ta taso daga na biyu zuwa na farko, to na biyun ne shugaba: ka sa shi a Internal, ka shiga manhajar katin farko ka zaɓi ADAT a matsayin tushen agogo, domin wayar hasken tana ɗauke da agogo tare da sauti. Idan kuwa kana so katin farko ya riƙe ragama, sai ka ƙara waya ta biyu daga mafitarsa zuwa mashigar na biyun, ka bar na farko a Internal, ka sa na biyu ya bi. Na fi son wannan tsari na biyu, saboda duk lokacin da ka buɗe aikin da ke da wani saitin, manhaja za ta iya sauya agogon katin farko, na biyun ya bi shi. A tsarin farko ba ta da wannan iko. Ka buɗe waƙar da aka ɗauka a 44,100 alhali agogon waje yana tsaye a 48,000, sai ka ji ta ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin 100, muryar mawaƙi ta sirance. Mafi muni shi ne ka ɗauki sabon abu a wannan hali, ka kai wata kwamfutar, ka tarar ya yi nauyi ya ja baya.

Kuskure biyu ne suka fi yawa a nan. Na farko a bar duka biyun a Internal. Sauti zai shigo kuwa, mita za ta motsa, mutum ya ɗauka komai lafiya, sai an zo saurare a tarar da ƙas-ƙas a layukan ADAT kaɗai. Na biyu a sa kowanne ya bi ɗan'uwansa, a rasa shugaba, agogon ya yi ta yawo. Duba 'yar fitilar da aka rubuta wa Lock ko Sync. Idan tana ƙiftawa, kada ka danna ɗauka. Sannan a tuna cewa idan ka haura zuwa 88,200 ko 96,000, wayar nan layi 4 kawai za ta ɗauka, ta hanyar da ake kira S/MUX, a 192,000 kuma layi 2. Mutane da yawa sukan ɗaga saiti don neman inganci, su ga ƙofa ta 5 zuwa ta 8 sun yi tsit, su zaci na'ura ta lalace. Wani abin lura kuma, ƙofar hasken nan a wasu katunan tana iya zama ADAT ko S/PDIF, wato wani tsarin tura sauti daban, siffarsu ɗaya amma yarensu daban, sai ka zaɓa a manhaja. Ita wayar kanta ba ta son lanƙwasa mai tsanani ko taka ta da kujera, kuma gara ta tsaya a mita 5 ko ƙasa da haka. In kana shakkar ta, jona gefe ɗaya a mafita ka kalli ɗaya bakin: za ka ga jan haske idan tana raye. Ka tabbata ka cire 'yar hular robar da ke bakinta, kuma ka tura ta har sai ka ji ta kama.

Lambobin ƙofofin su ma suna ruɗa mutane. A katin da ke da ƙofar makirufo 8 da S/PDIF 2, layukan ADAT sukan fara ne daga 11 zuwa 18. Makirufon da ke ƙofa ta 1 a na'ura ta biyu shi ne 11 a manhaja. Ka rubuta wannan a ɗan tef ka manna a jikin na'urar, ya fi ka tsaya lalube mawaƙa suna jira.

Idan babu ADAT amma akwai S/PDIF a kan bakin RCA, shi ma yana ɗaukar layi 2 da agogo. Sai dai wayarsa ta om 75 ce (om shi ne ma'aunin turjiyar waya ga lantarki), ba jan-da-fari ta rediyo ba, duk da cewa bakinsu ɗaya. Ta rediyon kan yi aiki a ɗan gajeren zango, ta ci amanarka a dogo. Haka AES/EBU, layi 2 ne a kan bakin XLR, wayarsa ta om 110, ba ta makirufo ba.

In na'urorin sun kai uku ko fiye, gara a raba agogo da wayarsa ta musamman, wadda a bayan na'ura ake rubuta wa Word Clock, mai bakin BNC da ake turawa a murɗa. Ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan, bugun agogo kawai. Ita ma om 75 ce, kuma akwai ta om 50 mai kama da ita ƙwarai, a kiyaye. Idan za ka jera na'urori a kan waya ɗaya da mahaɗi mai siffar T, na'urar ƙarshe kaɗai ce za a toshe da matoshin om 75. Wasu na'urorin suna da maɓallin toshewar a jikinsu. Ba a toshe ba, bugun zai daki ƙarshen waya ya dawo ya gurɓata kansa. An toshe a wuri biyu ko uku, ƙarfinsa zai faɗi har wata na'urar ta kasa kama shi. Duka biyun alamarsu ɗaya, fitilar Lock tana kamawa tana saki.

Sai dai gaskiyar magana, ƙananan katunan nan masu ƙofa biyu da suka fi yawa a hannun mutane ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi. USB ne kawai. Makirufo mai USB ma haka yake, kati ne cikakke da agogonsa a ciki, kuma babu ta inda za a ba shi agogon waje. A nan dole kwamfuta ce za ta haɗa su, kuma kowane tsarin kwamfuta da yadda yake yi.

Masu Mac su suka fi samun sauƙi, domin tun 2005 Apple ta saka wannan a cikin tsarinta. Ka buɗe Audio MIDI Setup a cikin Utilities, ka danna alamar ƙari a ƙasa ta hagu, ka zaɓi Create Aggregate Device. Ka yi wa katunan alama ɗaya bayan ɗaya, kuma ka lura cewa wanda ka fara zaɓa shi ke samun lambobin farko. Ka zaɓi ɗaya a matsayin tushen agogo, wanda ya fi inganci ko wanda lasifikokinka ke jikinsa. Ka tabbata duk suna kan lamba ɗaya, 48,000 ko 44,100. Sannan ka kunna Drift Correction ga kowane kati ban da shugaban. Abin da yake yi shi ne yana auna ratar agogon a kai a kai, yana sake lissafin samfuran kati na biyu su dace da na farko, maimakon a zubar da su. Kunne ba ya cika kama aikinsa, amma samfuran ba su ne ainihin waɗanda katin ya ɗebo ba, an taɓa su. Idan kuwa ka riga ka haɗa agogon katunan da waya, to ka kashe shi, ba shi da aiki. Kada ka zaɓi Multi-Output Device da ke kusa da shi bisa kuskure. Wannan na fitar da sauti ɗaya ne ta wurare da yawa, ba ya ɗauka. Daga ƙarshe ka shiga manhajar ɗaukar sauti ka zaɓi sabon haɗaɗɗen katin a matsayin mashiga da mafita.

A Windows abin ya fi wuya. Manhajojin kiɗa suna magana da kati ta direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa kati da kwamfuta, irin na ASIO, tsarin da kamfanin Steinberg ya ƙirƙiro, kuma galibinsu direban ASIO ɗaya tak suke buɗewa a lokaci guda. Kati biyu na kamfanoni daban direba biyu ke nan, sai ka zaɓi ɗaya. Mafita mai tsabta ita ce direba ɗaya da ya san yadda zai riƙe kati fiye da ɗaya. RME da MOTU suna da irin wannan a na'urorinsu da dama, Universal Audio kuma tana barin a jera Apollo har 4 ta Thunderbolt. Amma kada ka ɗauka don kati biyu sunan kamfani ɗaya ne a jikinsu to za su haɗu. Da yawa ba sa yi, ko da samfurinsu ɗaya. Kuma ko a inda direba ya yarda, sau da yawa haɗa agogon da waya yana nan a wuyanka. Littafin na'urar zai faɗa, a karanta shi kafin a sayi na biyu.

Abin da akasari ke komawa gare shi shi ne ASIO4ALL, wanda kyauta ne. Yana bi ta direbobin Windows na yau da kullum ya tattara katunan ya nuna wa manhaja kamar ɗaya ne. Ka fara saita kowane kati a lamba ɗaya cikin saitin sauti na Windows, ka rufe burauza da duk manhajar da ke iya riƙe katin, ka zaɓi ASIO4ALL a manhajarka, ka buɗe allonsa ka kunna kowace mashiga da kake so. Idan ka ga alamar cewa ba a samun wani kati, kusan kullum wata manhaja ce ta riga ka kama shi. Ka fara da bafa 512, wato yawan samfuran da ake tarawa kafin a miƙa su, in ya zauna lafiya ka sauko a hankali. Sai dai ka sani ka ajiye direban da kamfani ya rubuta wa katinka ke nan, jinkiri zai ƙaru, wasu ƙofofin ma ba lallai su bayyana ba. Babban abin kuma, tattara katuna ba haɗa agogo ba ne. Wasu na'urorin USB suna karɓar lokacinsu daga ita kwamfutar, irin waɗannan sukan tafi tare idan suna kan tushe ɗaya. Da yawa daga katunan ɗaukar sauti na yanzu kuwa da nasu agogon suke aiki. Wannan ne dalilin da wani zai rantse maka cewa nasa ya yi lafiya lau, kai kuma naka ya ƙi, kuma babu maƙaryaci a cikinku.

Masu Linux suna da PipeWire, wanda ke daidaita ratar agogo da kansa idan an haɗa na'urori. A JACK kuma, wani tsarin sautin na Linux, ana ƙara kati na biyu da zita-a2j ko alsa_in, su ma sake lissafin samfuri suke yi.

To a ce agogo ya zauna. Saura wani abu da mutane ba su cika kula da shi ba, kuma shi ne ke sa a ce ɗaukar ta yi amma ba ta da jiki. Kowane kati yana da nasa jinkirin tsakanin shigar sauti da isarsa manhaja, kuma ba lallai na wannan ya zo ɗaya da na wancan ba. Ratar ba ta ƙaruwa, a tsaye take, amma tana nan. Idan makirufo biyu suna jin abu ɗaya, ɗaya a wannan kati ɗaya a wancan, to sauti ɗaya ya iso sau biyu. Ratar milisakan 1, wato samfuri 48, tana sa su cinye juna a wajen 500 da 1,500 da 2,500 na ma'aunin Hz, daidai inda naman murya da ganga yake. Daidai take da ka ja makirufo ɗaya baya da kimanin santimita 34. Abin da za ka ji shi ne sauti ya zama holoƙo, kamar ana magana ta cikin bututu. In kuma agogon bai zauna ba, ramukan nan za su riƙa tafiya sama da ƙasa, ka ji wani shuu yana yawo a cikin kiɗan.

Saboda haka rabon makirufo yana da ƙa'ida. Duk waɗanda ke jin abu ɗaya su zauna a kati ɗaya: makirufon da ke kewaye da ganguna, tagwayen hagu da dama, mawaƙan amshi da ke tsaye kusa da juna. Kati na biyu a ba shi abin da ba ya jin kowa, kamar fiyano ko jita mai shiga ta waya kai tsaye, ko mawaƙin da ke wani ɗaki shi kaɗai. Ko da an sami 'yar rata a nan, gyaranta ba wuya.

Auna ratar kuma aikin minti kaɗan ne, ban da jira. Ka buɗe sabon aiki, ka sa ɗan gajeren ƙas guda a farko, ka sa wani a minti na 30. Ka tura shi ta mafita biyu na katin farko. Waya ɗaya ta koma mashigar katin farkon, ɗaya ta tafi mashigar na biyu, dukansu ta bakin layi, ba na makirufo ba. Ka kashe wutar 48V da kati ke ba wasu makirufo, ka kashe sauraren tirak ɗin da kake ɗauka don kada sauti ya zagayo ya yi kuwwa, ka rage lasifika. Ka ɗauka. Sannan ka buɗa hoton sautin har sai kana ganin samfuri ɗaya-ɗaya, ka ƙirga tazarar da ke tsakanin ƙas ɗin tirak biyun. In ka sami 37 a farko, 37 a minti na 30, agogo lafiya, 37 ɗin nan kuma shi ne abin da za ka riƙa matsar da tirak ɗin kati na biyu da shi. In ka sami 37 a farko, ɗaruruwa a ƙarshe, agogo bai haɗu ba. Ka dubi kuma ko hoton ɗaya ya fara ta sama ɗaya ta ƙasa. Idan haka ne sai a juya fuskar ɗayan. Ka maimaita gwajin bayan ka kashe kwamfuta ka kunna, domin a haɗin da manhaja ta yi lambar takan sauya daga zama zuwa zama. A haɗin ADAT ba ta cika motsi ba. Don farautar ƙas-ƙas kuma, ɗauki sautin gwaji na 1,000 Hz na minti 10 ta kowane kati. A cikin sauti mai santsi irin wannan ko ƙas ɗaya ba ya ɓuya. Da wannan sautin za ka daidaita ƙarfi ma, ka murɗa har mitocin biyu su tsaya wuri ɗaya, misali -18. Idan ka ga bambancin kusan desibel 12, duba maɓallin +4 da -10, ɗaya yana nan ɗaya yana can.

Sai maganar abin da mawaƙi ke ji a kunne. Maɓallin saurare kai tsaye da ke jikin kati ƙofofin wannan katin kaɗai ya sani. Wanda ya sa hedfon a katin farko ba zai ji makirufon da ke kati na biyu ba sai sautin ya shiga manhaja ya fito. Bafa 128 a 48,000 milisakan 2.7 ne shiga, 2.7 fita, ban da abin da na'ura da USB ke ƙarawa. A 512 kowane ɓangare ya kai 10.7, mawaƙi zai ji muryarsa tana bin sa a baya, ya kasa riƙe kiɗa. Ga shi kuma haɗin manhaja ya fi son bafa babba. A ADAT wannan ciwon kai babu shi, tunda duk layukan suna shiga mahaɗin katin farko.

Game da USB, ba yawan sauti ke cika hanya ba. Layi ɗaya na bit 24 a 48,000 kimanin megabit 1.15 ne a sakan, 16 ba su kai 19 ba, USB 2.0 kuwa 480 ne a rubuce. Wuta ce ke gazawa. Ƙofar USB 2.0 miliamfiya 500 take bayarwa, ta 3.0 kuma 900. Ka jera kati biyu masu shan wuta daga kwamfuta a kan mahaɗin USB marar wutar kansa, ka kunna musu 48V, sai ɗaya ya riƙa ɓacewa yana dawowa. Kowanne ya sami ƙofarsa a jikin kwamfuta, ko a sa mahaɗi mai nasa abin wuta. A Windows a kashe saitin da ke sa ƙofofin USB barci don tattalin batir. Kuma kowane kati ya riƙa komawa ƙofar da ya saba, don kada jerin lambobi ya hargitse. Faifai ma a duba shi: layi 16 a wannan saiti suna cin kimanin gigabait 8.3 a awa.

Idan bayan an jona na biyu aka fara jin gunji ƙasa-ƙasa, ko wani tsiii da ke sauyawa in ka motsa linzami, to wutar ƙasa ce ta sami hanya biyu tana zagayawa. A jona komai a soket ɗaya, a yi amfani da wayoyin XLR ko TRS masu jijiya uku tsakanin na'urori, in ta ƙi a sa akwatin DI mai taransifoma, wanda ke wuce da sauti ya raba wutar na'urorin biyu. Kada a kuskura a cire ƙafar ƙasa ta fulogi don a kashe gunji. Ita ce ke tsakanin mai riƙe da makirufo da jan wuta. Wayar haske a nan ma ta yi zarra, ba ƙarfe a cikinta, wuta ba ta bi.

Wanda duk waɗannan suka gagara yana da sauran dabara biyu. In katin farko yana da mashigar layi da ba a amfani da su, sai na biyun ya zama mai ƙara ƙarfin makirufo kawai, a kwaso sautinsa da wayar TRS a zuba a can. Agogo ɗaya ne ke ɗibar samfuri, magana ta ƙare. In kuwa ƙofofin ne babu, a sa ƙaramar mikisa ta haɗe makirufo huɗu ko shida zuwa layi biyu, da sanin cewa abin da aka haɗe ba ya rabuwa daga baya, don haka a ɗauki gwaji a saurara kafin a fara na gaske. Akwai kuma masu ɗauka a kwamfuta biyu daban. Wannan yana yiwuwa idan an tafa hannu sau ɗaya a farko, sau ɗaya a ƙarshe, inda makirufon ɓangarorin biyu za su ji. Wajen haɗawa sai a daidaita tafin farko, a ja tirak ɗin ɓangare na biyu har tafin ƙarshe ya hau kan ɗan'uwansa, kuma a ja su gaba ɗaya da ma'auni ɗaya, ba ɗaya bayan ɗaya ba.

Na gode da wannan fili, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wani mai aikin ɗaukar sauti